Gertrude Elion: Matar da ta buɗe ƙofar dashen ƙoda, ta koma yaƙi da cututtukan da suka biyo baya

Duk wanda aka yi wa dashen ƙoda, a Kano ne ko a Abuja, a Indiya ne ko a Masar, ba ya barin asibiti sai da ledar magunguna da kuma gargaɗi guda biyu. Na farko, kada ya kuskura ya tsallake shan maganinsa ko da na kwana ɗaya. Na biyu, duk ranar da ya ga zazzaɓi ko gudawa, ya nemi likitansa ba tare da ɓata lokaci ba. Gargaɗin farko kowa yana gane shi. Na biyun ne yake ba mutane mamaki, domin a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, kamar sauran garuruwanmu, gudawa abu ce da ake sayen Flagyl a kemis a haɗiya, a koma kasuwa ko ofis.

Ga mai ɗauke da ƙodar wani, lamarin ya sha bamban. Magungunan da ke hana jikinsa ƙin sabuwar ƙodar su ne kuma suke kwantar da garkuwar jikinsa, har ƙwayoyin cutar bairos da lafiyayyen mutum ke kora cikin kwana biyu su samu wurin zama a hanjinsa na tsawon watanni. Asalin waɗannan gargaɗi biyu yana komawa ga aikin mace guda, Gertrude Elion, Ba'amurkiya masaniyar sinadarai wadda ba ta taɓa zama likita ba, ba ta kuma kammala digirin digirgir ba. A hannunta maganin farko da ya sa dashen ƙoda ya yiwu tsakanin mutanen da ba tagwaye ba ya fito. Ita ce kuma, bayan shekara ashirin, ta jagoranci binciken da ya nuna wa duniya cewa ana iya kashe bairos a cikin jiki ba tare da an kashe mai jikin ba.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Gertrude Belle Elion a birnin New York ranar 23 ga Janairu, 1918. Iyayenta Yahudawa ne 'yan ci-rani. Mahaifinta, Robert Elion, likitan haƙori ne da ya zo Amurka daga Lituweniya yana yaro. Mahaifiyarta, Bertha Cohen, ta zo tana 'yar shekara 14 daga wani yanki da ke cikin ƙasar Folan a yau. Gidansu na farko a manne yake da ɗakin da mahaifin ke duba marasa lafiya, daga baya suka koma unguwar Bronx.

Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, har aka riƙa tsallakar da ita aji, ta gama sakandare tana da shekara 15. A wannan shekara ta 1933 kakanta, wanda ta shaƙu da shi ƙwarai, ya kwanta ciwon sankarar ciki. Ta ga irin wahalar da ya sha kafin ya mutu, kuma daga nan ta ƙudurta cewa ilimin sinadarai za ta karanta don neman maganin wannan cuta.

Kuɗin makaranta ne ba su da shi, domin karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye dukiyar mahaifinta. Abin da ya cece ta shi ne Kwalejin Hunter, makarantar mata ta birnin New York wadda a lokacin ba a biyan ko kwabo idan sakamakon ɗaliba ya yi kyau. Ta fita a 1937 da sakamako mafi daraja, tana da shekara 19.

Shekara bakwai ana rufe mata ƙofa

Takardar shaida ba ta buɗe mata hanya ba. Ta nemi tallafin ƙaro karatu a jami'o'i 15, babu wadda ta ba ta. Ɗakunan bincike kuwa a wancan zamani ba su ɗaukar mata. Ta shiga makarantar koyon aikin sakatariya na 'yan makonni, ta koyar da ɗalibai ma'aikatan jinya na wata uku, sannan ta karɓi aikin taimaka wa wani masanin sinadarai ba tare da albashi ba, don kawai hannunta ya saba. Daga baya ya fara biyan ta kaɗan-kaɗan, ta tara, ta shiga Jami'ar New York a 1939. Ita kaɗai ce mace a ajinta. Da rana tana koyarwa a makarantun sakandare, da dare da ƙarshen mako tana bincike, har ta samu digiri na biyu a 1941.

A wannan shekara ce wani babban rashi ya same ta. Saurayin da aka sa musu rana ya kamu da cutar bakteriya a zuciya, ya mutu. Shekaru kaɗan bayan haka maganin penisilin ya wadata, kuma da shi ake warkar da irin wannan cuta. Ba ta yi aure ba har ƙarshen rayuwarta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza zuwa fagen daga, sai kamfanoni suka fara waiwayar mata. Aikin farko da ta samu shi ne na gwada kayan abinci a wani babban kamfanin kantuna, tana auna tsamin kayan gwangwani da launin miyar ƙwai. Ta yi 'yan watanni a kamfanin Johnson & Johnson. A 1944 ta je neman aiki a kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome da ke Tuckahoe, kusa da New York, inda ta haɗu da Dokta George Hitchings. Ya ɗauke ta mataimakiya, kuma suka yi aiki tare kusan shekara arba'in.

Ta yi ƙoƙarin yin digirin digirgir da dare a Kwalejin Fasaha ta Brooklyn. Bayan 'yan shekaru hukumar makarantar ta ba ta zaɓi: ko ta bar aiki ta dawo karatu gaba ɗaya, ko ta bar karatun. Ta zaɓi aikin.

Dabarar tubalin bogi

Kafin zamaninsu, yawancin magunguna ana samun su ne ta hanyar gwada dubban sinadarai a ga wanda zai dace. Hitchings ya bi wata hanya dabam. Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ce ko ta cuta, ba ta hayayyafa sai ta gina sabon DNA, kuma DNA da wasu 'yan tubala ake gina shi. Ƙwayoyin sankara da na cututtuka suna gini cikin gaggawa fiye da lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Idan aka ƙera tubalin bogi mai kama da na gaske aka miƙa wa magini mai gaggawa, zai ɗauka ya sa a bango, ginin ya tsaya ko ya rushe. An ba Elion rukunin tubalan da ake kira furin, ta duƙufa a kansu.

A 1951 ta ƙera wani sinadari mai suna 6-mercaptopurine ta hanyar cire oksijin guda a jikin tubalin ta maye gurbinsa da farar wuta. Likitocin Cibiyar Sloan-Kettering, ƙarƙashin Dokta Joseph Burchenal, suka gwada shi a kan yara masu sankarar jini, waɗanda a lokacin ba su wuce 'yan watanni a duniya bayan an gano cutar. Da yawa suka samu sauƙi har suka koma gida. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1953. Sai dai cutar takan dawo, yaran su mutu, abin da ya riƙa ci mata rai. Sai da aka koyi haɗa shi da wasu magunguna sannan aka fara warkar da mafi yawan yaran, kuma har yau yana cikin haɗin.

Daga ɗakin binciken nasu ne kuma wasu magunguna biyu da kowane ɗan Arewa ya sani suka fito. Ɗaya shi ne pyrimethamine, wanda ke cikin Fansidar da ake ba masu juna biyu a wurin awo, yana kuma cikin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina a Zamfara da maƙwabtanta. Ɗayan shi ne trimethoprim, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ke cikin Septrin.

Daga sankarar jini zuwa dashen ƙoda

Elion ta shafe shekaru tana bin diddigin yadda jiki ke narkar da 6-mercaptopurine, tana neman hanyar da zai daɗe yana aiki. A 1957 ta fito da wani ɗan'uwansa, azathioprine, wanda sai ya shiga jiki yake rikiɗa ya koma na asalin. A kan sankara bai fi na farkon ba, don haka aka ajiye shi.

A daidai wannan lokaci likitocin tiyata suna fama da wata matsala. Ɗinke jijiyoyin ƙoda a jikin wani ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce garkuwar jiki tana gane baƙon nama ta far masa har ya mutu. Ranar 23 ga Disamba, 1954, Dokta Joseph Murray ya yi nasarar dashen ƙoda a Boston, amma tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, waɗanda jikinsu ba ya ganin juna a matsayin baƙo. Ga sauran jama'a an gwada haska jiki gaba ɗaya da tururin radiyeshan don karya garkuwar, mafi yawansu suka mutu.

Mafita ta zo daga zomaye. A ƙarshen shekarun 1950, likitoci biyu a Boston, Robert Schwartz da William Dameshek, suka gano cewa zomon da aka ba 6-mercaptopurine ba ya tayar da garkuwa a kan baƙon sinadari. Wani matashin likitan tiyata a Landan, Roy Calne, ya karanta wannan, ya gwada maganin a kan karnukan da ya yi wa dashen ƙoda, ya ga sun ƙara kwanaki. A 1960, a kan hanyarsa ta zuwa aiki da Murray, ya biya ta Tuckahoe. Hitchings da Elion suka ba shi wasu sinadarai ya gwada, ciki har da azathioprine ɗin nan da aka ajiye. Da shi wata karya mai suna Lollipop ta rayu kwana 230 da ƙodar wani kare. A watan Afrilun 1962 Murray ya dasa wa wani matashi ƙodar mamacin da ba su haɗa jini ba, ya ɗora shi a kan azathioprine, ƙodar ta yi aiki fiye da shekara. Ba a jima ba Dokta Thomas Starzl a birnin Denver ya nuna cewa haɗa shi da prednisone ya fi inganci. Wannan haɗi, da sunan kasuwa Imuran, shi ya riƙe dashen ƙoda a duniya kusan shekara ashirin, kafin zuwan cyclosporine a farkon shekarun 1980.

Abin da ya shigo ta ƙofar

Murna ba ta daɗe ba aka fara ganin abin da ya biyo baya. Marasa lafiya da ƙodarsu ke aiki lafiya lau sai su kamu da zazzaɓi, ko ciwon huhu, ko gudawa mai jini, su mutu. Da likitocin Denver da sauran wurare suka riƙa binciken gawarwaki a shekarun 1960, sai suka yi ta cin karo da wasu ƙwayoyin cuta da ba su cika damun lafiyayyen mutum ba. Babba a cikinsu ita ce cytomegalovirus, wadda ake taƙaitawa CMV.

CMV daga dangin hapis take, dangin da ya haɗa da ƙwayar cutar ƙarambau. Mafi yawan manya a Afirka suna ɗauke da ita tun suna yara ba su sani ba. Ba ta barin jiki, kwanciya take yi, garkuwar jiki tana danne da ita. Da zarar an sassauta garkuwar sai ta farka, ko kuma ta shigo tare da ƙodar da aka dasa. Hanji yana cikin wuraren da ta fi kai wa hari ga masu dashe. Tana huda gyambo daga maƙogwaro har zuwa babban hanji, ta kawo ciwon ciki, zazzaɓi, rama, gudawa, wani lokaci zubar jini ko ɓulewar hanji.

Likitan wancan zamani ba shi da abin yi sai ɗaya cikin biyu. Ko ya rage azathioprine garkuwar ta farfaɗo ta yaƙi cutar, a yi asarar ƙodar, ko ya ci gaba da maganin a yi asarar mai ƙodar. Penisilin da 'yan'uwansa bakteriya suke kashewa, ba su taɓa bairos. Ra'ayin da ya rinjaya a tsakanin masana shi ne ba za a taɓa samun maganin bairos mai aminci ba, tunda a cikin ƙwayar jikin mutum yake zaune, da kayan aikinta yake hayayyafa, duk abin da zai kashe shi zai kashe ta.

Komawa fagen bairos

A 1967 aka naɗa Elion shugabar sashen gwajin magunguna na kamfanin. Tana da shekara hamsin, suna ya riga ya samu, amma ta juya ga wannan fage da mutane suka yanke wa ƙauna. Ta tuna cewa ɗaya daga sinadaran da ta ƙera tun 1948 ya nuna alamar taɓa bairos, sai gubarsa ta yi yawa aka bar shi. Tawagarta ta ƙera wani ɗan'uwansa, aka aika wa John Bauer, masanin bairos a reshen kamfanin da ke Ingila. Sakamakon ya nuna yana aiki a kan hapis.

A 1970 kamfanin ya ƙaura zuwa jihar North Carolina, ita ma ta bi. A can wani abokin aikinta, Howard Schaeffer, ya ƙera sinadarin da aka sa wa suna acyclovir a 1974. Ƙarfinsa ya ninka na baya sau da yawa, kuma ba ya cutar da lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa, kuma wannan ne aikin da Elion da tawagarta suka warware suka wallafa a 1977. Acyclovir shi ma tubalin bogi ne, amma a kulle yake shiga jiki. Ƙwayar jikin mutum ba ta da mabuɗinsa. Bairos ɗin hapis ne ke zuwa da wani sinadari nasa na kansa wanda ke buɗe maganin, sannan ya ɗauke shi ya sa a gininsa, ginin ya tsaya cak. Wato cutar da hannunta take kunna abin da zai halaka ta, kuma a cikin ƙwayar da ta kama kawai. Maganin ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1980 da sunan Zovirax. A 1981 likitocin Johns Hopkins suka nuna cewa yana kare waɗanda aka yi wa dashen ɓargo daga gyambon hapis, wanda kan cinye musu baki da maƙogwaro.

A kan CMV kuwa acyclovir ba shi da ƙarfi sosai, domin ita ba ta da irin wancan mabuɗi. Amma hanya ta riga ta buɗe. Ɗakunan bincike da dama, ciki har da na kamfanin Syntex da na Wellcome ɗin kansa, suka ɗan ƙara wa acyclovir wani reshe guda suka samu ganciclovir, wanda CMV ke iya buɗewa. An amince da shi a Amurka a 1989, sannan a 2001 aka samu valganciclovir da ake haɗiya. A yau yawancin masu dashe suna shan sa wata uku zuwa shida don rigakafi, kuma da shi ake maganin CMV ta hanji. Yana da tsada, yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ba a shan sa sai da gwajin jini a kai a kai.

Lambar yabo da ƙarshen rayuwa

Elion ta yi ritaya a 1983, amma ba ta bar ofis ba. Mutanen da ta horar, da dabarun da ta kafa, su ne suka gano amfanin AZT, maganin farko na cutar ƙanjamau, wanda aka amince da shi a 1987. Ta koma Jami'ar Duke tana koya wa ɗaliban likitanci yadda ake bincike, ta kuma yi aiki da kwamitocin Hukumar Lafiya ta Duniya kan cututtukan ƙasashe masu zafi.

A 1988 aka ba ta lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci tare da George Hitchings da Sir James Black na Birtaniya. Ita ce mace ta biyar da ta samu wannan lambar a fannin, kuma tana cikin 'yan ƙalilan da suka same ta ba tare da digirin digirgir ba. Jami'o'i da dama sun ba ta digirin girmamawa, har da makarantar Brooklyn ɗin da ta taɓa sa ta zaɓi tsakanin aiki da karatu. A 1991 ta zama mace ta farko da aka sa a zauren girmama masu ƙirƙira na Amurka. Sunanta yana kan takardun mallakar ƙirƙira 45. Joseph Murray ma ya samu tasa Nobel ɗin a 1990. Hitchings ya mutu a Fabrairun 1998, ita kuma ta bi shi ranar 21 ga Fabrairu, 1999, a garin Chapel Hill, tana da shekara 81.

Aikin da ba a ƙarasa ba

Dabarar Elion ta ci dangin hapis, amma ba su kaɗai ke kama hanjin masu dashe ba. Akwai norovirus, wadda Albert Kapikian ya fara gani a 1972 a samfurin wata annobar amai da gudawa da ta ɓarke a wata makarantar firamare a garin Norwalk na Amurka. Lafiyayyen mutum yakan rabu da ita cikin kwana ɗaya zuwa uku. Mai dashe kuwa tana iya zama a hanjinsa watanni, ya yi ta gudawa yana ramewa. Har yau babu maganin da aka amince da shi na kashe ta, babu kuma allurar rigakafi. Abin da likita ke yi shi ne ƙarin ruwa da rage magungunan danne garkuwa cikin taka-tsantsan, wato zaɓin nan mai wuya na shekarun 1960 bai gushe ba. Akwai kuma rotavirus, wadda Ruth Bishop ta gano a Ostireliya a 1973, babbar mai kawo gudawar ƙananan yara, da adenovirus.

Haɗarin gudawa ga mai dashe ya wuce cutar kanta. Ƙarancin ruwa a jiki yana raunana ƙoda, shi kuma guda ɗaya tak gare shi. Gudawa tana sa tacrolimus, maganin da yawancin masu dashe ke sha a yau, ya taru a jini fiye da ƙima har ya zama guba ga ƙodar da aka sha shi dominta. Sannan wani maganin nasu, mycophenolate, shi kansa yana kawo gudawa, don haka sai an gwada bayan-gida da jini, wani lokaci a zura na'urar hangen hanji a gutsuro ɗan nama, kafin a san ko cuta ce ko magani. Idan maganin ne, sau da yawa likita yakan mayar da mutum kan tsohon azathioprine na Elion, wanda ya fi araha kuma shi ake zaɓa wa mace mai dashe idan tana son haihuwa.

Abin da ya shafi yammacin Zamfara

An fara dashen ƙoda a Najeriya a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002. Tun daga nan, duk shekara akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da dangi suka haɗa musu kuɗi, wani ɗan'uwa ya ba da ƙoda, aka yi aiki, suka dawo gida. Gida kuwa ga wasunsu yana nufin garin da ke da nisan sa'o'i masu yawa daga likitan ƙoda, a kan hanyar da rashin tsaro ya sa ba a bin ta kowane lokaci, da rijiyar da ambaliya ke gurɓatawa da damina.

Yankin yana da wani dalili na musamman na kula da lafiyar ƙoda. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, irin su Dareta, Abare da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka mutu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani. Dalma tana daɗewa a ƙashi, kuma an san tana lahanta ƙoda sannu a hankali, tana tayar da hawan jini, tana kuma kawo ciwon gaɓoɓin nan mai kumbura babban yatsan ƙafa wanda likitoci ke kira gawut. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata, kuma awon jini da fitsari lokaci-lokaci ya kamace su, su da iyayensu da suka yi aikin niƙan.

A nan ma sunan Elion ya sake fitowa. Maganin gawut, allopurinol, daga ɗakin bincikensu ya fito a shekarun 1960. Asali sun nemo shi ne don ya hana jiki saurin narkar da 6-mercaptopurine. Saboda haka duk mai shan azathioprine da ya sayi allopurinol a kemis don ciwon ƙafa, ba da sanin likitansa ba, zai tara maganin farko a jininsa ninki-ba-ninki har ɓargonsa ya daina ƙera jini. Magunguna biyu na mace ɗaya, kowanne mai ceton rai, amma haɗuwarsu ba bisa ƙa'ida ba tana kisa.

Abin da iyalin mai dashe za su iya yi a gida ba shi da tsada. Ruwan shansa a tafasa. A wanke hannu da ruwa da sabulu bayan bayan-gida da bayan share wa yaro, domin man tsabtace hannu na kwalba ba ya kashe norovirus yadda ya kamata. Idan wani a gidan yana amai da gudawa, kada ya dafa wa mai dashe abinci, kada su ci a kwano ɗaya, a wanke banɗaki da ruwan bilic. A kai jarirai rigakafin rotavirus, wanda Najeriya ta sa cikin jerin rigakafin yara a watan Agustan 2022. Idan gudawa ta kama mai dashen, ya fara shan ruwan gishiri da sukari nan take, ya kira likitansa a ranar, kada ya dakatar da maganin ƙodarsa da kansa, kada kuma ya dogara da Flagyl ko tetracycline, domin ba su da tasiri a kan bairos.

Gertrude Elion ta shiga wannan aiki ne saboda kakanta da ya mutu tana kallo ba ta da abin yi masa. Ta bar wa mai ciwon ƙoda maganin da zai sa ya riƙe ƙodar ɗan'uwansa, ta kuma bar masa tushen maganin da ke kare hanjinsa daga CMV. Na norovirus har yanzu ana nema. Kafin a same shi, mai dashen da ya koma Gummi ko Anka ko Bukkuyum ya riƙe tukunyar tafasa ruwa, sabulu, da lambar wayar likitansa kamar yadda ya riƙe ledar magungunansa.